Tsuntsayen Kwamfuta Ta Huɗu

Litinin, 12 ga Janairu, bayan La'asar

Bismillah. Wannan ragowar littafin Jogirafi ne na ajin da ya wuce. Zan riƙa rubuta yadda aikin littafin tsuntsaye ke tafiya, saboda Malama Safara'u ta ce mai aiki da hankali yana ajiye tarihin aikinsa.

Ƙungiyarmu ta kula da muhalli tana haɗa ɗan littafi a kan tsuntsayen fadamar Haɗeja. Za a kai shi Dutse ranar biyu ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya. Takardar gayyata ta ce malami ɗaya da ɗalibi ɗaya. Tun zangon da ya wuce kowa ya san wace ce ɗalibar, ko da yake ba wanda ya furta.

Ni na buga duk abin da aka buga. Kowane tsuntsu yana da sunansa na Hausa, yana kuma da dogon suna na masana mai karya harshe. A manhajar rubutu akwai wurin da ake koya mata gajeriyar hanya: ka buga harufa uku, ita ta cika maka sauran. Idan na buga krj sai Dendrocygna viduata ya fito da kansa, wato ƙirinjijiya. Na zauna da babban littafin Malama na shigar da guda ɗari da goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, a lokacin fita tara. Suna cikin kwamfuta ta huɗu, ita kaɗai ce mai cikakkiyar lafiya.

Kwamfutar ƙofa biyu gare ta, ta ɗalibai da ta Malama. Ta Malama sai da kalmar sirri. Ni kaɗai ta ba wa kalmar.

Yau ta shigo da sabuwar yarinyar ajinmu cikin ƙungiya. Huseina Gambo, daga Baturiya. Ruwan damina ya cinye musu shinkafa da rabin gida, shi ne aka kawo ta wurin gwaggonta a unguwar Dubantu. Satinta ɗaya a makaranta. Malama ta buɗe hotunan da muka tara, yarinyar ta leƙa ta ce, "Malama, wannan ba dinya ba ce, kwarwa ce. Dinya tana da ƙaimi a fiffike, in ta make ka sai ka yi jinya."

Malama ta duba littafinta, ta yi dariya, ta dafa kafaɗarta. "Ashe malama Allah ya kawo mana daga cikin ruwa."

Ni ce na rubuta dinya a ƙarƙashin hoton. Na gyara. Ba wani abu ba ne.

Talata, 13 ga Janairu, lokacin fita tara

Huseina ta ce a gidansu kowa da tsuntsunsa, kakansu ne ke raɗawa. Yau ta raba wa 'yan ƙungiya. Malama gauraka ce, saboda yadda take kafa ɗankwali. Shamsiyya, ƙawata tun aji ɗaya, ita ce ƙirinjijiya.

Shamsiyya ta ce, "Saboda kyau ko?"

"Saboda surutu. Tun daga nesa ake sanin sun sauka."

"Ke 'yar Baturiya, ki kiyaye ni. Jiya-jiya kika sauko daga kwalekwale, har kin fara yi wa mutanen birni suna."

Suna dariya har da tafawa. Ni ba ta ba ni ba. Ta dube ni ta ce tana tunani tukuna. Ban damu ba. Ni ba tsuntsuwa ba ce.

Laraba, 14 ga Janairu, bayan Magariba

Malam Abdulwahid ya zo. Shi ke duba kwamfutocinmu, ranar Laraba kaɗai, don sauran ranaku yana makarantun Kaugama da Jahun. Malama ta roƙe shi ya sa gajerun hanyoyina su yi aiki ta ƙofar ɗalibai ma, don Huseina ta riƙa buga bayanin tsuntsaye da hannunta. Ya nuna wa Malama foldar da jerin yake ciki, ya buɗe wani ɗan akwati mai layi biyu, ɗaya na bari, ɗaya na hani.

Ya ce, "Nan ne izini. Wanda aka bari zai karanta ya rubuta. Wanda aka hana ko leƙe ba zai yi ba. Yanzu na bar kowa."

Ina tsaye a bayansu. Ba wanda ya tambaye ni.

Da yatsa biyu Huseina take bugu, kamar kaza tana tsattsagar gero. Ta buga krj, dogon sunan ya fito, ta ja kujera baya tana salati. Malama ta ce, "Kin ga har kwamfuta ta san ki."

Ba kwamfuta ba ce ta san ta. Ni ce na yi wata uku ban ci ƙosan tara ba.

Alhamis, 15 ga Janairu, lokacin fita tara

Shamsiyya ta ce Huseina ta ƙara guda uku a cikin jerina. Na ce wa ya nuna mata wurin? Ta ce, "Ni. Ko gadon gidanku ne?"

Ban buɗe na duba ba. Ba na so in gani.

Alhamis, bayan La'asar

Na tsaya bayan kowa ya tafi, don in rufe tagogi. Minti biyar ne kawai. Babu abin rubutawa yau.

Juma'a, 16 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Huseina ta zauna da safe ta buga krj. Krj ɗin ya tsaya yadda yake. Ta sake, ta sake. Ta ce, "Salma, abin naki ya ƙi ni yau."

Na ce ta matsa, wataƙila ƙofar ɗalibai ce ke da matsala. Na shiga ta ƙofar Malama, na buga. Shiru. Na gwada na dinya, na gwada na balbela. Na buɗe wurin jerin, babu ko ɗaya daga cikin nawa.

Ta ƙofar Malama ma babu. Wannan ne ban gane ba. Bai kamata ta ƙofar Malama ma a rasa ba. Ina nufin, bai kamata a rasa ta ko'ina ba.

Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Malama ta ce, "Haba 'yata, aikin wata uku. Yi haƙuri, za su dawo." Hannunta ya sauka a kafaɗata. Tun ranar Litinin nake tunanin yadda zan ji. Ba haka na ji ba.

Da suka fita na koma wani wuri na duba. Kwamfutar ta ce ba ni da izini. Ni.

Asabar, 17 ga Janairu, da hantsi

Kakata, Iya Zainaba, tana gyaran bandar kifi a zaure, ina taya ta cire ƙaya. Ta ce, "Ke 'yar boko, me tuwon jiya ya yi miki? Ko kwamfutar ce ke ciyar da ke yanzu?"

Na ce, "Iya, in mutum ya kulle ƙofa, makullin ya karye a ciki, yaya zai yi?"

"Sai ya kira kafinta, ya sha kunya sau ɗaya. Me kika kulle?"

"Tambayar makaranta ce."

"To madalla. An fara koya muku fasa gida ke nan."

Litinin, 19 ga Janairu, bayan La'asar

Na sake shigar da guda arba'in. Suna aiki. Na gwada kowanne sau biyu, suna aiki. Malama ta ce wa 'yan ƙungiya su dubi yadda ake jure wa asara. Ƙarfe uku aka kashe sola, dole muka rufe. Allah ya sa su kwana.

Talata, 20 ga Janairu, bayan Azahar

Ba su kwana ba. Duk arba'in ɗin sun tafi.

Malama ta tara mu. Ta ce abin da ke cinye aiki da dare cuta ce, kuma cutar kwamfuta ba daga sama take faɗowa ba. Wa ya sa filashi a kwamfuta ta huɗu? Sai Huseina ta ɗaga hannu. Kawunta yana raka baƙi masu kallon tsuntsaye a Baturiya, shi ya ba ta hotuna, ta sa ranar Alhamis da safe don ta nuna wa Malama.

"Ban hana sa filashi ba sai an tambaye ni?"

"Malama, ban zo ba lokacin da kika hana. Hotuna ne kawai."

"Kin ga abin da hotuna suka jawo wa 'yar'uwarki. Kada ki sake shigowa ɗakin nan sai an gano bakin zaren."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta dube ni. Ban san me ya sa ni ta duba ba, mu tara ne a ɗakin.

Filashi yana kawo cuta. Wannan gaskiya ne, yana cikin littafinmu na aji huɗu. Kuma an hana. Ba ni na ce ta sa ba.

Laraba, 21 ga Janairu, bayan Magariba

Awa biyu Malam Abdulwahid ya yi yana binciken cuta. Bai samu ba, a kwamfutar ko a filashin. Ya ce wataƙila manhajar ce ta lalace, ya cire ta ya sake sa sabuwa. Ya shigar da gajeriyar hanya ɗaya, ta yi aiki, ya ce shi ke nan. Yana sauri kada motar Kaugama ta cika.

Malama ta ce, "To yarinyar fa?"

"Ban ga komai ba. Amma akwai cutar da kan yi ɓarna ta ɓoye. A jira mu ga ko gyaran zai zauna."

Yana naɗe wayoyinsa ina tsaye kusa da shi. Na buɗe baki. Na ce, "Malam, sannu da aiki."

Alhamis, 22 ga Janairu, bayan La'asar

Wadda Malam ya shigar ma ta tafi. Na daina shigarwa. Yanzu na kwafe dogayen sunayen a takarda, ina buga kowanne harafi-harafi.

Malama ta sanar yau. Ummussalma Nu'uman ce za ta Dutse. Ta ce mutum a lokacin wahala ake saninsa. An yi tafi. Shamsiyya ta tafa sau biyu ta daina.

Abin da nake so ke nan. Tun watan Oktoba nake roƙon Allah. Ina farin ciki. Ina farin ciki sosai.

Juma'a, 23 ga Janairu, da yamma

Baba ya faɗa wa duk layin teloli cewa 'yarsa za ta yi jawabi a Dutse. Ya ajiye ɗinkin mutane yana yi mini sabon farin hijabi.

Lahadi, 25 ga Janairu, bayan La'asar

Iya ta aike ni kasuwar kifi. Na hango su a bakin kogi, Shamsiyya da ita, suna cin rogo a takarda ɗaya. Huseina tana nuna mata wani abu can cikin ciyawar kacala, Shamsiyya ta yi shiru tana kallo. Shekara biyar ina tare da Shamsiyya, ban taɓa iya sa ta yin shiru ba.

Shamsiyya kaɗai ta taso ta same ni. Ta ce, "Hajiyar Dutse, ba gaisuwa?"

Na ce ina sauri.

"Kin san gwaggonta ta ji labari? An ce mata ta lalata kwamfutar makaranta. Ta ce in jawo magana ta zo yi, gara ta koma Baturiya. Kin san kuma in ta koma, karatun ya ƙare."

Na ce Allah ya kyauta.

"Shi ke nan? Allah ya kyauta? Salma, wallahi wani lokacin kamar da bango nake ƙawance."

Ta koma wurinta. Rogon ma ba su ce in ɗiba ba. Ba na son rogo.

Litinin, 26 ga Janairu, bayan Azahar

Sunaye sun kusa cika, amma ƙarƙashin kowane suna akwai fili na bayani, kuma filin fayau yake. Malama ta tambaye ni a ina gauraka ke yin ƙwai. Na ce zan duba littafi. Ta ce littafin a wata ƙasa aka rubuta shi, ita na nan take so.

Sai ta ɗauki biro da takarda ta fita. Ta taga nake ganinsu a gindin darbejiya, a benci ɗaya. Huseina tana magana da hannuwa, tana kwaikwayon tafiyar wani tsuntsu, Malama tana rubutu tana dariya har ɗankwalinta ya goce. Fiye da awa ɗaya.

An kore ta daga ɗaki, sai ɗakin ya tashi ya bi ta. Ni aka bari da kwamfuta ta huɗu da ƙarar fanka.

Daga baya Malama ta kawo mini takardun in buga. Bayanin yana da kyau. Da ma bai yi kyau ba.

Talata, 27 ga Janairu, lokacin fita tara

Na buga Balearica pavonina sau goma sha ɗaya yau. Gauraka. Ban taɓa ganinta da idona ba.

Laraba, 28 ga Janairu, bayan La'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Malam Abdulwahid ya ce abin ya hana shi sukuni duk sati. Ya ce, "Cuta ba ta zaɓar abu ɗaya ta bar sauran. Sabuwar manhaja ma ta yi irin na tsohuwa. Ke nan ba ita ke mantuwa ba, wurin ajiyar ne ba ta iya shiga."

Ya shigar da gajeriyar hanya, ya rufe manhajar nan take, ya sake buɗewa. Babu. Ya ce, "Kun gani? Ba sai dare ya yi ba. Tana riƙe da su a ka muddin tana buɗe. In ta zo ajiyewa sai ta tarar da ƙofa a rufe."

Ya je foldar. Ta ce ba shi da izini. Ya yi ɗan murmushi, ya bi ta wata hanya da ban sani ba, sai ga ɗan akwatin nan mai layi biyu. Layin hani a cike yake daga sama har ƙasa.

"Ga shi nan. Jerin bai je ko'ina ba, kulle shi aka yi. Wanda ya yi ya zata ɗalibai kaɗai ya hana. Bai san hani ya fi bari ƙarfi ba, kuma rukunin da ya hana har ƙofar Malama tana ciki. Ya kulle kowa, har da kansa."

Ya cire alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ya buga krj. Sunan ya fito.

Malama ta ce, "Filashi zai iya yin haka?"

"A'a. Hannu ne. Kuma ta ƙofar ɗalibai ba a taɓa wurin nan. Sai mai kalmar sirrinki."

Ina jin ƙarar fanka. Ina kallon wani tabon tawada a kan tebur.

Sai Malama ta ce, "To ni ce. Ranar da ka nuna mini, na koma na yi ta taɓe-taɓe. Tsufa ne, Malam."

Ya ce, "Yana faruwa, Malama." Bai dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Ko sau ɗaya.

Ta aika aka kira Huseina. Akwatin yana nan a buɗe a allon kwamfutar. A gaban kowa Malama ta ce, "Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe mini." Huseina ta ce ba komai. Idonta yana kan akwatin.

Malama ba ta ce komai a kan Dutse ba. Har yanzu ni ce.

Laraba, bayan Magariba

Baba ya gama hijabin. Ya ce in gwada Iya ta gani. Ya yi mini daidai.

Alhamis, 29 ga Janairu, bayan Azahar

Na shiga da wuri, na tarar da Huseina a kwamfuta ta huɗu. Mu biyu ne kawai. Ta tashi daga kujerar ta ce, "Zauna. Buga ums."

Na ce mene ne?

"Ɗaya daga cikin ukun da na ƙara. Biyun tsuntsayenmu ne da babu su a littafin Malama. Buga."

Na buga. Sai ga shi: Ummussalma Nu'uman, zalɓe.

Ta ce, "Kwana biyu na yi ina tunani. Na ba ki shi don ya fi kowane tsuntsu haƙuri. Yini guda zai yi a tsaye wuri ɗaya, ba ya gajiya, ba ya kuskure. Na ce in kin zo buga sunanki a bangon littafi sai ki gani."

Na ci gaba da kallon sunan a allo.

"Ranar Alhamis ɗin nan na dawo ɗaukar filashina. Na hango ki ta taga, da wani akwati a gabanki. Ban san ko mene ne ba sai jiya."

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba.

"In ce me? Na ga mai kwamfuta a gaban kwamfuta? Ni da ko sunayen 'yan aji ban gama riƙewa ba."

Na ce yanzu za ta faɗa?

"Ni? Ai Malama ta ɗauke miki. Ki je Dutse ki ci shinkafar taro. In sun tambaye ki inda gauraka ke ƙwai, sai ki buga musu harufa uku." Ta rataya jakarta. "Na manta ɗaya halin nasa ne lokacin da na ba ki. Zalɓe ba ya yarda wani ya tsaya a bakin ruwansa, ko da kifin ya ishi kowa."

Da ma zagina ta yi. Da na sami abin ramawa.

Juma'a, 30 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Ga abin da na yi ranar Alhamis, goma sha biyar ga wata. Ban tsaya don tagogi ba. Na shiga da kalmar da Malama ta ba ni amana, na buɗe akwatin izini, na cika layin hani, don kada Huseina ta sake amfani da jerina. Na rubuta yanzu.

Na sami Malama a ofishin malamai tana duba jarrabawar gwaji. Na durƙusa a gefen tebur. Na ce, "Malama, ba ke ba ce."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

Na faɗa mata duka, har da rogo, ban san me ya kawo rogo ba. Na ce me ya sa ta ce ita ce?

Ta ajiye biro. "Ni na ba yarinya makullin da ya fi ƙarfinta. Ni na kori wata ba tare da bincike ba. Kasona na ɗauka, Ummussalma. Ban ɗauki naki ba, yana nan inda kika bar shi."

Ba ta ce 'yata ba.

Ta ce, "Wa za ta Dutse?"

Wani malami ya shigo ya ɗauki alli ya fita.

Na ce, "Huseina."

"Ban ji ba."

Na sake faɗa.

Ta ce sunana zai zauna a bangon littafin, don aikin da na yi na yi shi, laifi ba ya goge shi. Ta ce gobe in je Dubantu in gaya wa gwaggon Huseina da bakina. Sannan muka tafi ɗakin kwamfuta ta canja kalmar sirri. Na juya baya tun kafin ta ce in juya.

Asabar, 31 ga Janairu, da yamma

Na gaya wa Baba da safe. Ya daɗe yana murza zaren keke. Ya ce, "Da kin tafi da wannan a cikinki, da hijabin ƙarya na ɗinka." Bai ƙara ba. Ban san abin da zai ce wa 'yan layi ba.

Iya ta ce ita za ta raka ni Dubantu. A hanya ta ce, "Ashe ƙofar da makulli ya karye ke nan. Da kin kira kafinta tun ranar, da mutum ɗaya ne zai ji. Yanzu har da 'yan Dubantu."

Gwaggon ta saurare ni tana tankaɗe. Na zata za ta yi faɗa. Ta ce, "Kwana goma yarinyar nan ba ta cin abinci, ni kuma ina ƙara mata da baki." Ta dubi Iya. "Hajiya, Allah ya shirya mana su." Iya ta ce amin, ta ajiye mata ƙullin kifi.

Huseina tana ɗaki ba ta fito ba. Na hango farin hijabinta a kan igiya, gefensa ya fara zarewa. Na yi tunanin in ba ta aron sabon nawa. Na yi tunanin, amma ban bayar ba.

Litinin, 2 ga Fabrairu, lokacin fita tara

Ƙarfe bakwai motar ta tashi. Na ga tashinsu daga bakin aji. Huseina tana gaba kusa da Malama, littattafan a kan cinyarta. Shamsiyya tana ɗaga musu hannu kamar masu tafiya Hajji. Da ta juyo ta gan ni, ta ce, "Zalɓe, zo mu sayi ƙosai." Ashe sunan ya fita. Na ce ta yi gaba, ina zuwa.

Har yanzu yana yi mini zafi. Na zata in na faɗa zai daina, bai daina ba. Yanzu wataƙila tana tsaye a gaban mutane tana kwaikwayon tafiyar gauraka, Malama tana dariya. Allah ya sa lasifikar ta ƙi aiki. Astagfirullah. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya.

Na shiga ta ƙofar ɗalibai. Ba ta da kalmar sirri, dannawa kawai ake yi. Na buɗe jerin, ɗari da goma sha biyar. Na daɗe ina kallon ums. Akwai wurin gogewa a gefensa. Ban taɓa shi ba.

Na ƙara ɗaya. Hsn, Huseina Gambo. Ban sa mata tsuntsu ba, ban san su ba tukuna.

Na rufe manhajar. Na ƙirga goma. Na buɗe, na buga harufan uku.

Tana nan.